Ɗumin Ƙafar Hagu

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Yaya aiki? Ina fatan ka daina hawa falwaya babu igiya a ƙugu.

Jiya aka yi aikin. Likita ya zura siririyar waya kusa da lakar bayana, ya haɗa ta da ɗan batir. Ya ce wutar za ta riƙa taɓa lakar a hankali, ko jijiyoyin jinin ƙafata za su saki. Kwana bakwai ya ba ni. In jini bai sauka ba, za a yanke ƙafar hagun daga ƙasan gwiwa.

Kada ka ɗauka don ka roƙe ni na yarda. Ina nan kan bakana: ɗan da ya bar karatu ya bi wayar wuta bai kyauta wa uwarsa ba.

Da aka kunna, sai na ji kamar yayyafi mai ɗumi yana sauka ta cikin bayana. Gyangyaɗi ya ɗebe ni da rana tsaka, na gan ni ina shanya a tsohon gidanmu, ba takalmi, siminti yana gasa mini tafin ƙafa. Shekara biyu rabon ƙafar nan da ɗumi.

Ka kula da sallah, ka rage yawo.

Mahaifiyarka.

Ɗana,

Ina gaisuwa. Yaya tarin 'yar ƙaramarku? Ku daina ba ta ruwan sanyi.

Yau kwana shida. Barcin rana ya zame mini jiki. Ɗazu a mafarki na ga rediyon babanka, wanda ka farke kana ɗan shekara tara har na zane ka, yana zaune a kan taga, hanjinsa duk a waje, amma yana ta waƙa. Na nemi bulalar na rasa.

Ina farkawa na tarar nas ta danne farcen babban yatsan ƙafata ta hagu. Ya yi fari, ta saki, sai ja ya dawo sannu a hankali. Ta kira likita, ya shafa ƙafar, sannan ya ce an fasa yanka, a ci gaba da lura.

Kafin in zo asibiti na rabar da takalmana duka, don ban sa rai ba. Ka sayo mini sabo, lamba talatin da tara, ƙafa biyu. Kuma ka kawo da kanka, ka duba mini batirin nan. In dai waya ce, ban yarda da hannun kowa ba.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka.