Toka da Mai Kama da Ita

Zuwa ga jikana, maigidan da ba ya cefane,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana zama a kai. Mu nan sai godiya.

Amanar da ka bar mini, wato 'yar kyanwarka Toka, tana nan ƙalau. Ta ƙwace kujerar keken ɗinkina, zare kuwa ya zama abin farautarta. Katin rigakafinta yana jingine da madubi. Ka ce allura ta biyu ranar Talata ce, in aka yi sakaci sai a koma farko. Sau bakwai ka faɗa, sai ka ce ba ni na raini uwarka ba. Kwantar da hankalinka.

Kakarka.

Jikana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, zauna ka sha labari, amma ka rage mini dariyar.

Talata na sa kyanwa a kwando, na hau mota, na bi layi a asibitin dabbobi tsakanin mai akuya da mai aku. Da aka zo kaina, likita ya ɗora ta a sikeli, ya dubi kati, ya ɗaga wutsiya. Cikin ladabi ya tambaye ni yaushe Toka ta zama namiji. Ashe muzurun maƙwabciya na ɗauko, ɗan kwaɗayin nan mai zuwa lasar kwanonta. Launinsu ɗaya. Na dawo na tarar da gimbiyar tana barci a kan keke.

Washegari maƙwabciya ta raka ni, aka yi wa Toka allurarta, likita ya ce jinkirin kwana ɗaya ba komai. Ko ƙara ba ta yi ba. Ni ce na kau da kai.

To, ga abin da na daɗe ina ɓoyewa. Toka tana da farin tabo a goshi, kai ka sani, ni ma na sani, amma ban ga cewa muzurun ba shi da shi ba. Wata biyar ke nan ba na iya zura zare a allura. Na ce wa uwarka ɗinki ne ya gundure ni, don na ji tsoron ta kwashe ni daga ɗakina ta ajiye ni a nata kamar tsohuwar tukunya. Likitan dabbobin ya dubi idona, ya ce shi idon tumaki ya karanta, amma nawa ya yi kama da mai yanar ido, kuma ana cire ta. Jiya na kira uwarka na faɗa mata. Ta yi faɗa, ta yi kuka, sannan ta karɓo mini ranar ganin likitan ido.

Ranar ta faɗo ɗaya da allurar Toka ta uku, cikin hutunku. Ka zo da wuri. Hannu ɗaya kwando, ɗayan ka bar mini shi, don ni ba ni da jarumtar Toka.

Allah ya yi maka albarka.

Kakarka mai ƙaunarka.