Hanifa da Ruwan Gran-Popo

Matameye, 28 ga Yuni 2022

Zuwa ga Malama Zulaiha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida, da baƙunta a ƙasar Benin. Ni ce Hawa ta bayan kasuwa, wadda kika koya wa riƙe alli tana da shekara arba'in. Ƴata Hanifa ta ce in yi miki magana a waya, wai ya fi sauƙi. Na ƙi. Da hannuna zan rubuta, ita ta ɗauki hoton takardar ta tura miki.

Ga abin da ke damuna. Hanifa ta ci jarrabawar brebe, alhamdu lillahi. A takarda babu wanda ya kai ta Faransanci, amma in mushe, wato malaminsu, ya ce ta tashi ta yi magana, sai bakin ya mutu. Ita kuwa ungozomar asibiti take son zama. Mushe ya ce a hutun nan a kai ta inda dole sai ta buɗe baki, in ba haka ba a baya za a riƙa barin ta.

Babanta ya bar mini zaɓi. Akwai Yaya Sadisu a Zangon Kwatano, akwai kuma ke a Gran-Popo. Amma kin taɓa ce mini ƙofar gidanki teku take kallo. Malama, ni ruwan da na sani tafkin bayan gari ne, shi ma ban taɓa barin ƴaƴana su je ba. Ki ba ni shawara.

Ɗalibarki,
Hawa

Gran-Popo, 30 ga Yuni

Yaya Hawa,

Wa alaikumus salam. Rubutunki ya fi na da kyau, sai dai har yanzu kina danne alƙalami kamar mai daka.

Ki turo mini ita. Nan unguwarmu Bahaushe ɗaya ne, shi na aura, shi ma asuba yake fita. Ko gishiri Hanifa za ta saya, sai da Faransanci. Teku kuwa ba ya shiga gida ya ɗauki mutum. A Zango me za ta koya? Ki tuna ke ce mai ɓoye allo cikin kwandon zogale don kada maƙwabta su yi dariya, kuma ke ce kika fara karanta sunanki a ajin nan. Ba a gida kika koya ba, sai da kika fito.

A gaida maigidanki Malam Inusa.
Zulaiha

Matameye, 24 ga Yuli

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa da neman afuwa. Shirun da kika ji, kunya ce. Ban bi maganarki ba, Kwatano na tura ta. Na ce ai nan ma bakin teku ne, kuma gidan kawunta akwai katanga.

Sati uku ke nan. Jiya na ce wa matar Yaya ta gaya mini gaskiya, da wa yarinyar take Faransanci? Ta yi dariya ta ce, “Haba Hawa, Faransancin me? Mai kanti ɗan Maradi ne, mai nama ɗan Tawa, mai ɗinki ɗan Tsauni, har ya san kakarta. Kullum gidan ƴan uwa ake kai ta gaisuwa.” Na ce teku fa? Ta ce, “Ba ke kika hana ba?”

Malama, kwana biyu yarinyar nan ta yi a mota, ta je ta ƙaro Hausa. Da aka ba ta wayar ta ce, “Inna, ba komai,” a hankali, irin yadda take amsa wa mushe. Wannan muryar ce ta hana ni cin abinci.

Yaya zai kawo miki ita ranar Asabar. Abu ɗaya nake roƙo: kada ƙafarta ta taɓa ruwan nan. Ki rantse mini.

Ɗalibarki mai taurin kai,
Hawa

Gran-Popo, 19 ga Agusta

Yaya Hawa,

Ina gaisuwa. Ban rantse ba, amma na cika. Hanifa ma ta fi ni cikawa: in kumfa ya taho, baya take ja, ta ce Inna ta hana.

Kwana huɗun farko na aike ta sayen kifi, ta dawo da kwano wayam, idonta jawur. Ban karɓi kwanon ba. Rana ta biyar ta dawo da kifi, an cuce ta ƙwarai, muka ci haka nan.

Nan masunta daga tudu suke jan koma, babbar ragar kifi, da doguwar igiya, maza da mata, kowa ya zo ya kama. Hanifa ta fara kamawa daga can ƙarshe, inda yashi yake a bushe. Shekaranjiya wata mai kifi, Madam Akuwabi, igiya ta yanke mata tafin hannu sosai. Ban san lokacin da ƴarki ta ratsa mutane ba. Ta cire ɗankwalinta na cikin hijabi ta ɗaure hannun, ta ɗaga shi sama, ta daka wa wani ƙato tsawa da Faransanci ya kawo babur. A gidan likita ita ta yi bayani tun daga farko. Ta yi kuskure wajen biyar, ba wanda ya kula, ni ma sai daga baya na ƙirga, halin malanta.

Yanzu duk bakin ruwa “ƙaramar likita” ake ce mata. Madam Akuwabi ta ce in tambaye ki wace irin uwa ce ta haifi wannan, amma ta hana ta jiƙa ƙafa. Na ce irin wadda ke tsoro ta kuma yi abin duk da haka.

Hanifa ta ba wani direban Zinder kwalbar ruwan teku ya kawo miki. Ta ce tunda ba za ki zo ba, ga shi ya zo. Ba ita ta ɗebo ba, kada hankalinki ya tashi.

Ƙanwarki,
Zulaiha

Matameye, 27 ga Agusta

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Takardarki sau uku na karanta wa babanta, da kaina, ban tsaya ko wuri ɗaya ba.

Kwalba ta iso. Maƙwabta sun taru, kowa ya lasa. Gishiri ne, yadda kika taɓa faɗa mini. Na ajiye ta kusa da allona.

Ki gaishe mini da Madam Akuwabi, Allah ya ba ta lafiya. Ki ce wa Hanifa ta shiga ruwan. Zuwa idon sawu. In kina riƙe da hannunta, zuwa gwiwa.

Ɗalibarki har abada,
Hawa