Gadar da Yaya Qiulan Ke Son Takawa

Litinin, 7 ga Oktoba

Yau Yaya Qiulan ta ce za ta birnin Quanzhou da ke bakin teku, kuma ni zan raka ta. Haka kawai, tana ɓare wake da hannu ɗaya. Na ce, "Yaya, ke da ɓarin jikinki ya shanye bara?" Ta ce, "Ɓari ɗaya ne, Auta. Ɗayan yana nan." Kwana biyu kacal take so, ta taka tsohuwar gadar dutse ta Luoyang daga wannan baki zuwa wancan. Na ce zan yi tunani. Ta ce in yi tunanin a cikin jirgi.

Laraba, 9 ga Oktoba

Deming, maigidana, ya ce in bar ta, da kanta za ta manta. Bai san ta ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na kai mata miyar kaza, na tarar da ita a tsakar gida tana kai da kawo da sandarta, gumi ya jiƙa rigarta sharkaf. Ƙafar hagun jan ta take yi kamar buhun shinkafa. Da ta zauna ta hau ba ni labarin garin. Can ta yi aiki da ƙuruciyarta, ni ina firamare. Wai duwatsun gadar kowanne ya fi ɗakinmu tsawo, kuma mutanen dā ba su sa siminti ba, kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo kamar dodon koɗi, suka kiwata a gindin ginshiƙan, ɓawonta ya liƙe duwatsun. Ta yi maganar tagwayen hasumiyoyin dutse da girgizar ƙasa ta kasa kayarwa, da tsohon masallacin fatake da rufinsa ya tafi amma bangonsa yana tsaye, da matan masunta masu cika kai da furanni ko da kifi za su sayar.

Bakinta a karkace yake har yanzu, amma ko kalma ɗaya ba ta kuɓuce mata ba. Miyar ta huce ban lura ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na samu masauki mai ɗaki a ƙasa, ba hawa bene. Na tambayi mai gidan ko ana samun hayar keken guragu, ya ce akwai. Ban gaya mata ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Deming da bakinsa! Ya gaya mata. Ta kira ni a waya: "Auta, keken na waye? In ƙafarki ke ciwo ki faɗa, sai in tura ki." Na ce tsoro nake ji kada ta faɗi. Ta ce a asibiti, lokacin da ko cokali ba ta iya riƙewa, gadar take takawa a cikin kanta, dutse bayan dutse, kuma ba ta taɓa ganin kanta a zaune ba.

Na soke keken. Raina bai so ba.

Talata, 22 ga Oktoba

Ta faɗi. A gabana, kusa da tukwanen furenta. Na zabura, ta daka mini tsawa: "Tsaya nan!" Na tsaya. Ta mirgina, ta kafa gwiwar dama, ta laluba sandar, ta zame, ta sake gwadawa. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Da ta miƙe, gwiwarta na jini, sai ta ce, "Kin gani? Faɗuwar ma na iya ta, tashin ma na iya shi."

Na ce a fasa tafiyar nan, Yaya, don girman iyayenmu. Ta ce tikitin jirgi yana hannun wa? Na ce nawa. Ta ce to ki riƙe shi da kyau.

Matar nan. Tun muna yara haka take.

Jumma'a, 25 ga Oktoba

Mun iso. Ta sha kwano biyu na miyar siririyar taliya, ta ce gishirin dā ya fi. Hasumiyoyin kuwa ba ta ƙara musu komai ba, sun ma fi yadda ta faɗa. Na tsaya ina kallo har wuyana ya ƙage. Duk da haka na ce mata gobe mu ɗan taka bakin gadar, a ɗauki hoto, mu dawo. Ba ta ko kalle ni ba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Gadar. Ruwan teku ya janye, ga taɓo yana sheƙi, fararen tsuntsaye suna kiwo, duwatsun sun yi sumul saboda ƙafafun mutanen da ba wanda ya san sunansu. Akwai rata tsakaninsu, sandarta tana ta maƙalewa. Mun wuce rabi sai ta zauna a gefe, fuskarta ta yi fari fat. Ta daɗe tana haki. Can ta ce, a hankali, "Auta, ina jin kin fi ni gaskiya. Mu koma."

Abin da nake roƙo tun farkon wata ke nan. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Koma ina? Tashi, Yaya. Bayan ya fi gaban nisa."

Ta ɗago ta dube ni. "Ke ce kuwa?"

Na ce ta daina surutu, rana tana yi.

Mun ƙetare. A wancan bakin wata tsohuwa mai sayar da kawa ta miƙo mata kujerarta ba tare da an tambaya ba. Yaya ta zauna tana dariya, ni kuwa na juya baya ina gyara jaka. Iskar teku tana sa ido ruwa, ba wani abu ba.

Ta ce baɗi sai ina? A motar dawowa na tambayi direba ko tsibiran da muka hango a teku suna da wuyar zuwa.