Allurai Huɗu na Gyang

Zuwa ga abokin aikina, marigayi Malam Gyang,

Bayan gaisuwa mai yawa. Yau Talata. Na tashi da ciwon gwiwa, hannun dama kuma yana rawa, saboda haka ka yi haƙuri da rubutun.

Na san ka tuna lokacin da na'urar auna gudun wutar lantarki ta ɗakin gwajinmu ta lalace. Ni malami mai digiri na zauna ina rubuta takardar koke. Kai ma'aikacin ɗakin ka tafi kasuwar Katako ka samo guntun katako, ka biya unguwar Laranto wajen wani tela ka karɓo allurar keken ɗinki guda huɗu. Ka jera su a layi a jikin katakon, tazararsu ɗaya. Biyun gefe su shigar da wuta, biyun tsakiya su kai labari ga mita.

Abin da muke aunawa shafen kuza ne a kan gilashi, bai kai kaurin ɓawon albasa ba. Duk sanda na ɗora allurai sai mita ta yi ta tsalle, ni kuma in ɗora wa katakonka laifi. Ka bar ni na yi kwana uku ina faɗa, sannan ka ɗaga gilashin a hasken taga ka nuna mini ramuka huɗu. Dannawa nake yi har in huda shafen. Ka ce, “Oga, sallama ake yi masa, ba a buga ƙofa.”

Da ka ɗora naka hannun, allurai suka sauka a hankali, mita ta tsaya cak. Ka auna sau biyar, kana juya gilashin, amsa ɗaya take fitowa. Ban taɓa ganin hannu irin naka ba, har na yi ritaya.

Gyang, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Da sakamakon bincikenmu ya fito a mujalla, sunana kaɗai ne a kai. A lokacin ba a saba sa sunan ma'aikacin ɗaki ba, ni ma na fake da hakan. Ka karanta, ka yi mini murna, ka koma wanke gilasai. Kowane awo a ciki hannunka ne ya yi shi. Ina so masu karanta wannan su sani, kuma ina so 'yarka Kaneng ta ji daga bakina tun ina iya magana, in danƙa mata katakon, don yana nan a akwatina.

Allah Ya saka maka da alheri, Ya albarkaci zuriyarka, Ya yafe mini.

Naka,
Malam Sani

Kaneng ta ce za ta zo yau da la'asar. Na sa an share falo, na fito da akwatin. Ga shi an kira magariba, ba ta zo ba.