Ƙugun da Baba Bai Samu Ba

Lyon, Faransa

Yaya Zayyadu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da uwargida Hawa da yara da duk mutanen Akokan. Yaya ƙafar Baba? Ni lafiyata lau, sai sanyi da tsayuwar wuni, wannan kuwa na saba.

Har yanzu ina masana'antar nan da ake ƙera gaɓoɓin roba. Aikina duba 'yan kofuna farare masu santsi da ake dasa wa mutum a ƙugu idan ƙashinsa ya cinye. Wanda aka ga ɗan ƙarzane a jikinsa sai kwandon shara. Kwanaki na ce wa shugabarmu, "Madam, irin wannan mahaifina ke buƙata." Ta yi murmushi ta ce, "To, ki kawo shi mana."

Yaya, hukumomin Faransa sun hana Baba biza. Lokotoron asibitin nan ya yarda zai yi aikin, amma wai ana tsoron in ya warke ba zai koma gida ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin ƙasa a Akokan yana haƙo ma'adinin yuraniyom da ke haska musu gari, shi suke tsoron ya zauna musu.

Hawa ta ce har ya ɗinka sabuwar riga ta tafiya. Na kasa faɗa masa a waya. Don Allah kai ka faɗa masa, bayan ya ci abinci. Ku samo masa sanda mai ƙwari, wadda za ta daɗe.

Allah Ya ba shi haƙuri. Ni nawa ya ƙare.

Ƙanwarka,
Rashida