Baba, Kabiru Ya Sa Kaki

Zuwa ga mahaifina Malam Isa, tsohon jami'in shige da fice,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinka, ina sanar da kai cewa autanka Kabiru ya gama horo, ya sa kaki irin naka. Sai dai ba albishir na kawo maka ba.

Ka tuna ina ƙarama a gidanmu na Kwaciri, na tambaye ka me ya haɗa mai duba fasfo da fareti? Kana goge takalmi ka ce, "Wanda za a ba ikon ya ce wa mutum tsaya, shi ake fara koya wa tsayawa." Ka ce matafiyi yakan zo gabanka a gajiye, a tsorace, bai san kowa ba. In ba a koya maka danne zuciya ba, shi za ka danne.

Kabiru ya sha ranar, ya yi faretin, amma abin da ya ɗauko kawai buɗa kafaɗa da ɗaukar hoto a waya. Ko tsire zai saya, da kaki yake zuwa.

Ranar Asabar na fito daga kasuwar Sabon Gari, sai na ga taro a mahaɗar Bata. Ɗanka ne, ba ya ma bakin aiki, ya tsare wani dattijo mai tallar dabino don ya ji Hausarsa ta Nijar ce, wai sai ya nuna masa takardunsa. Tsohon na lalubar aljihu, Kabiru ya bangaje farantin. Dabino ya watse har cikin kwata. Takardun bawan Allah kuwa lafiyarsu ƙalau.

Na durƙusa ina tsince masa. Kabiru ya ce, "Yaya, tashi mana, kina zubar min da girma."

Girma! Na dube shi daga hula har takalmi, ban ga inda aka zuba shi ba, balle ya zube.

Da yamma na shiga ɗakinsa na sauke hotonka da ya rataya kusa da nasa. Inna ta gan ni. Ɗankwali ta miƙo min na naɗe shi.

Yanzu yana ɗakina a Rijiyar Lemo, kullum da safe sai na goge gilashin. Ina kewarka, Baba.

Allah ya jiƙanka, ya sa Aljanna ce makomarka. Shi kuma Kabiru Allah ya shirye shi kafin ya sake gamuwa da uban wani.

'Yarka,
Hadiza