Na'urar da Kika Aiko wa Babanki

Fadan Kagoma,
4 ga Nuwamba.

Zuwa ga 'yata Miriyam,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da mijinki Gershon da jikokina. Mu nan sai godiya, mun fara tonon citta.

Na'urar karanta littattafai da kika aiko wa babanki ta iso. Maƙwabcinmu Malam Kevin ya nuna masa yadda ake ƙara girman rubutu, har kowane harafi ya kai ƙwayar masara. Tsohon hedimasta ya koma ɗan firamare, baki har kunne. Yanzu da kansa yake karatu, ni kuwa an sallame ni daga aiki ko fansho babu. Allah ya yi miki albarka.

Mamarki,
Milka.

Fadan Kagoma,
19 ga Janairu.

'Yata Miriyam,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, yaya tarin jikana Kaleb? Na rubuto ne domin abin da ke raina ba ya faɗuwa ta waya.

Kin san babanki ba mai magana ba ne. Tun da idonsa ya yi rauni, shekara goma sha ɗaya ke nan, kowace yamma in na dawo daga gona nakan karanta masa littafi a baranda. In na yi tuntuɓe a kalma ya gyara mini, ya ce ilimin aji huɗu ke damuna, mu yi ta dariya. Mukan yi gardama a kan mutanen cikin labari kamar maƙwabtanmu ne. A wannan ɗan lokaci kaɗai nake jin ina da miji.

Yanzu littafi huɗu yake kamawa a tare, duk na Turanci, ya bar wannan ya faɗa wancan. In na tambaye shi abin da ke ciki, sai ya ce maganar da tsawo. Muna cikin gida ɗaya, amma kewarsa nake yi.

Makon jiya taransifomarmu ta ƙone, cajin na'urar ya ƙare. Allah ya gafarta mini, murna na yi. Na ɗauko littafin da muka bari a tsakiya, tsinken tsintsiyar da na sa alama yana nan. Shafi biyu na karanta ya tsayar da ni, cikin ladabi kamar ni baƙuwa ce. Ya ce kada in wahalar da kaina, ya saba da sauri yanzu, kuma ya riga ya aika da na'urar Kafanchan a yi mata caji. Ya juya kujerarsa yana kallon hanya.

Kada ki ce masa komai, kada kuma ki ɗora wa kanki laifi. Ban ga inda gyara zai fito ba. Ashe duk shekarun nan haƙuri yake yi da karatuna, ni kuwa ina tsammani muryata yake so.

Ki gaishe da Gershon da yara. Ki sa ni cikin addu'a.

Mamarki,
Milka.